Waƙa Ta Yi Tashe, Kuɗinta Ina Suka Shiga? Daga "Jaruma" Ta Kano Zuwa "Djadja" Ta Faransa

Duk wanda ya riƙe waya a ƙasar Hausa a shekarar 2020 ya san "Jaruma" ta Hamisu Breaker, ko yana so ko ba ya so. Waƙar ta yi tashe ne ana cikin kullen korona, jama'a na zaune a gida babu aiki sai latsa waya, kafin ka ce kwabo ta mamaye Instagram da Facebook da WhatsApp. Matan aure suka riƙa ɗaukar bidiyo suna taka rawarta a gaban mazajensu, masu wa'azi suka yi magana a kai, masu kare ta su ma suka mayar da martani. Mu a nan Bagwai, daga teburin mai shayi zuwa rumfar mai cajin waya, har bakin dam ɗin Watari inda ake noman rani, da wuya ka wuni ba ka ji ta tashi daga aljihun wani ba.

To, sau nawa aka saurari wannan waƙa? Lambar da ke ƙarƙashin bidiyonta a YouTube da wadda ke Audiomack suna nan kowa na gani, sai dai waɗannan lambobi suna ƙirga wanda ya shiga da data ne kawai. Wanda abokinsa ya tura masa ta Xender, da wadda aka cika wa memori a kasuwa, da wanda ya same ta a guruf ɗin WhatsApp, duk ba sa cikin lissafin. A karkara irin tamu kuwa su ne suka fi yawa.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: mawaƙan Hausa ba su rasa basira ba, ba su kuma rasa masu sauraro ba. Abin da suka rasa shi ne ƙirge. Waƙar da ba a ƙirga saurarenta ba, ba a iya biyan mai ita haƙƙinsa, ba a kuma iya kai ta kasuwar duniya a ce ga ƙarfinta. Wannan kuwa aiki ne na fasaha, wato namu ne mu masu rubuta manhaja da ku masu riƙe da waya.

Waƙar da aka ƙirga tun ranar farko

Bari mu leƙa Faransa mu ga yadda abin yake idan akwai lissafi. A watan Afrilun 2018 wata mawaƙiya mai suna Aya Nakamura ta saki waƙarta "Djadja". An haife ta a Bamako ta ƙasar Mali a 1995, a gidan maroƙa, irin waɗanda ke waƙar yabo a biki da suna kamar namu na nan. Ta tashi a Aulnay-sous-Bois, wata unguwar talakawa a gefen birnin Paris. Faransancin da take waƙa da shi na titi ne, cakuɗe da kalmomin unguwa da na Afirka ta Yamma, har wasu dattawan can suka riƙa cewa tana ɓata musu harshe. Idan wannan zargi ya yi maka kama da abin da ake faɗa wa mawaƙanmu na zamani, ba ka yi kuskure ba.

Waƙar ta kai matsayi na ɗaya a ƙasar Holan, inda ba Faransanci ake yi ba, abin da wata mawaƙiyar Faransa ba ta yi ba tun Édith Piaf a 1961. A 2020 aka sake fitar da ita tare da Maluma na Kolombiya don kasuwar masu jin Sifaniyanci. A watan Yulin 2024 Aya ta rera ta a bikin buɗe gasar Olamfik a Paris, a 2025 kuma bidiyon ya haye kallo biliyan ɗaya a YouTube.

Ka lura da cewa kowane mataki da na ambata yana da lamba ko kwanan wata. A Faransa akwai ƙungiyar kamfanonin faifai, SNEP, wadda ke fitar da jadawalin waƙoƙi duk mako, tana kuma ba da shaida: saurare miliyan 15 zinare, miliyan 30 filatinam, miliyan 50 lu'ulu'u. "Djadja" ta samu ta lu'ulu'u. Wannan shaida ita mawaƙi ke ɗauka ya zauna da mai talla ko mai shirya wasa a yi ciniki. Da ita kamfani ke gane cewa waƙa ta kama a wata ƙasa, ya zuba kuɗi a can.

Akwai kuma SACEM, ƙungiyar da ke karɓar wa marubuta waƙa da masu kiɗa kuɗinsu daga rediyo, talabijin, otal da wuraren shaƙatawa. An kafa ta tun 1851, kuma asalinta abin dariya ne mai ɗauke da darasi. Wani marubucin waƙa, Ernest Bourget, ya zauna a wani gidan shan shayi a Paris, ya ji ana rera waƙarsa ba da izininsa ba. Da aka kawo masa lissafin abin da ya sha sai ya ƙi biya, ya ce su ma ba su biya shi ba. Aka je kotu, ya yi nasara. Ban da wannan, tun 1994 dokar Faransa ta wajabta wa gidajen rediyo masu zaman kansu su ware kashi 40 cikin ɗari na waƙoƙin da suke sakawa ga waƙoƙin Faransanci. Ashe kenan kafin Aya ta buɗe baki, an yi fiye da shekara ɗari da sittin ana gina mata rumbun da za ta zuba amfanin gonarta.

Yadda waƙa ke tafiya a wajenmu

Mu kuma tamu hanyar daban ce. A da, mawaƙi irin Mamman Shata yana cin abinci ne daga kyautar iyayen gida da liƙi a filin wasa. Da kaset da faifan CD suka zo, kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ta zama cibiyar rarraba waƙoƙi da finafinai, ɗan kasuwa ya saya ya buga ya sayar. Waya mai memori ta zo ta kashe wannan kasuwa. Abin da ya maye gurbinta shi ne 'yan tura waƙa: matashi da tsohuwar kwamfuta da janareto ko sola, yana caji yana kuma cika wa mutane memori da waƙoƙi da finafinai a kan 'yan kuɗi kaɗan. Babu garin da za ka shiga tsakanin Bagwai, Bichi, Shanono da Gwarzo ka rasa irin wannan rumfa.

Ta wannan hanya waƙa kan fito a Kano yau, gobe ta kwana a Kiyawa da Gadanya da Romo, jibi tana Maraɗi da Damagaram. Babu kamfanin da ya taɓa yi wa waƙar Hausa rarrabawa mai sauri da faɗi irin wannan. Aibinta ɗaya: daga cikin kuɗin da ke shiga hannun mai turawa, ko sisi ba ya komawa ga wanda ya rubuta waƙar, ko wanda ya rera, ko wanda ya kwana a situdiyo yana haɗa kiɗan.

Shi ya sa mawaƙin Hausa na yau, duk da wayar zamani da ke hannunsa, har yanzu yana rayuwa ne irin ta zamanin Shata. Waƙar da ta yi tashe talla ce kawai. Kuɗin na zuwa ne daga wasan biki, wasan sallah, waƙar amarya da ango da aka ba da kwangila, da kuma uwa uba waƙar siyasa. Idan ka taɓa mamakin yadda duk mawaƙin da ya yi suna sai ka ji shi a bayan wani ɗan takara, amsar tana nan: ɗan siyasa ne kaɗai mai sauraron da ke biya lakadan. Mu da muke sauraro kyauta muna da hannu a wannan, domin wanda ya biya kuɗin kiɗa shi ke zaɓar taken da za a kaɗa masa.

Talakan ƙauye ba ɓarawo ba ne

Wasu 'yan birni idan an zo wannan magana sai su ce ai laifin mutanen ƙauye ne da ba sa son biya. Ban yarda ba. Mutumin da ya biya mai tura waƙa ya riga ya biya, kuɗin ne suka tsaya a hanya. Kuma zaɓin da ya yi zaɓin mai hankali ne. Waƙar minti huɗu a ingancin da aka saba, wato kilobit 128 a daƙiƙa, ta kusa megabait huɗu. Idan ya tura ta sau ɗaya ya mallake ta har abada. Idan kuwa ta intanet zai riƙa ji, duk saurare sai datarsa ta ragu, a garin da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, a kuma lokacin da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025. Wanda ke auna tsakanin data da kuɗin cefane ba wa'azin haƙƙin mallaka yake buƙata ba, hanya mai sauƙi yake buƙata.

Cewa Bahaushe ba ya cire kuɗi don waƙa ma ba gaskiya ba ne. Je ka gidan biki ka ga liƙi. A 2020 Dauda Kahutu Rarara ya nemi magoya bayan Shugaba Buhari su tura masa naira dubu ɗaiɗai kafin ya saki sabuwar waƙa, mutane kuma suka tura. Ko me ra'ayinka a kan siyasar abin, ya nuna cewa idan aka ba mutanenmu lambar asusu da dalili, suna biya.

"Ai ga Spotify da Boomplay"

Gaskiya ne, akwai su, kuma ba a raina su. Boomplay ya fara ne a 2015 a wayoyin Tecno, kuma da yake yana da alaƙa da Transsion, mai Tecno da Infinix da itel, yakan zo a cikin waya tun daga kwali. Spotify ya shigo Najeriya a watan Fabrairun 2021. Kamfanin ya ce mawaƙan Najeriya sun samu fiye da naira biliyan 25 daga wajensa a 2023, da fiye da biliyan 58 a 2024. Kuɗi ne masu yawa. Amma tambayi kanka su wane ne ke kwashe kaso mafi tsoka. Masu irin "Calm Down" ta Rema ne, wadda ta haye saurare biliyan ɗaya a Spotify a 2023 saboda ana jin ta a Amurka da Turai da Indiya.

Dalilin yana cikin yadda ake rabon. Spotify ba ya biyan tsayayyen farashi a kan kowane saurare. Yana tara kuɗin da aka samu a kowace ƙasa ne, daga masu biyan kuɗin wata da kuma talla, sannan ya raba gwargwadon kason kowa a saurarrun wannan ƙasa. Da ya shigo Najeriya kuɗin wata naira 900 ne, alhali Bafaranshe na biyan kusan Yuro goma. Saboda haka saurare ɗaya a Paris ya ninka saurare ɗaya a Kano daraja nesa ba kusa ba. Haka YouTube yake: yana ba mai tasha kashi 55 cikin ɗari na kuɗin talla a dogayen bidiyo, amma tallan da ake nuna wa mai kallo a Bagwai ba ya kai kuɗin wanda ake nuna wa na Landan. Tun 2024 kuma Spotify ba ya biyan komai a kan waƙar da ba ta kai saurare 1,000 a shekara ba.

Wannan ba dalilin guje musu ba ne. Hausawa na Saudiyya, Sudan, Gana, Kamaru, Ingila da Amurka suna can suna neman waƙoƙin gida, kuma saurarensu na da nauyi. Abin da nake cewa shi ne waɗannan manhajoji an gina su ne don mai data kullum da katin banki. Za su kama wani ɓangare na masu sauraronmu, ba za su kama mai ƙaramar waya da memori ba.

Gyaran da ke hannun mawaƙa

Akwai asarar da mawaƙanmu ke jawo wa kansu. Buɗe manhajar waƙa a wayarka ka duba: rabin waƙoƙin Hausa da ke ciki babu sunan mawaƙi, ko kuma sunan shafin da aka sauke su ne a maƙale, wani lokaci har da muryar mai shafin a tsakiyar waƙa. Ka nemi waƙa ɗaya a YouTube, ka ga tashoshi barkatai sun ɗora ta, wata ma ta fi ta mai waƙar yawan kallo.

Maganin wannan ba ya buƙatar jiran gwamnati. Kowace waƙa ta samu lambar ISRC, lamba ce mai harafi da alƙalami 12 da ke zama kamar lambar mota ga waƙa a duk duniya, kuma kamfanonin rarrabawa irin su DistroKid da TuneCore na bayar da ita idan ka ɗora ta hannunsu. A cike sunan mawaƙi, marubuci da mai kiɗa a cikin fayil ɗin kansa. A shigar da waƙar cikin tsarin Content ID na YouTube, wanda ke gane sautinta a duk bidiyon da aka ɗora, ya karkato kuɗin tallan zuwa ga mai ita. Kafin a fita daga situdiyo a rubuta takarda: kaso nawa na mai rerawa, nawa na marubuci, nawa na mai kiɗa. Rigimar da ake yi bayan waƙa ta yi kuɗi, a rashin wannan takarda take farawa.

Doka ma ta ɗan gyaru. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023 ta ba mai aiki damar neman a sauke kayansa daga shafin da ya ɗora ba izini. TurnTable kuma tun 2020 take fitar da jadawalin waƙoƙin Najeriya, daga baya ta fara ba da shaidar zinare da filatinam. Amma jadawali yana ganin abin da aka ƙirga ne kawai. Waƙar da rayuwarta ke cikin memori, ko ta girgiza Arewa gaba ɗaya, a wajen jadawali kamar ba a yi ta ba.

Gyaran da ke hannun masu rubuta manhaja

A nan ne nake ganin aikinmu yake. Maimakon a riƙa kama 'yan tura waƙa ana ƙwace musu kwamfuta, a mayar da su wakilai. Mun ga an yi haka a harkar kuɗi. Shekarun baya kaɗan, mutumin Bagwai sai ya yi tafiya kafin ya cire kuɗi. Yau masu POS na Moniepoint da OPay sun cika ko'ina, domin kamfanonin sun gane cewa ɗan rumfa ya fi reshen banki kusa da jama'a, suka ba shi na'ura da kaso.

Ka yi tunanin manhaja a kwamfuta ko wayar mai turawa. Mawaƙi ya ɗora sabuwar waƙarsa, mai tsabta, da cikakkun bayanai. Wakili ya sauke sau ɗaya idan ya samu sabis. Duk wanda ya tura wa, manhajar ta rubuta, ko babu intanet, idan sabis ya dawo ta aika lissafin. Wakili ya sayi izinin turawa tun farko kamar yadda yake sayen katin waya a sari. A ce misali naira 50 ce waƙa ɗaya, 30 tasa, 15 ta masu waƙar, 5 ta manhaja. A fasahance babu abu mai wuya a nan: ƙaramin rumbun bayanai a cikin na'ura, sa hannun lantarki a kan kowane lissafi, da matse sauti da tsarin Opus yadda waƙar minti huɗu ba za ta kai megabait ɗaya da rabi ba.

Na san abin da za a ce: me zai hana wakili ya tura ta bayan fage, ko wanda ya saya ya raba wa abokansa goma? Babu abin da zai hana, kuma duk wanda ya ce zai kulle fayil ɗin MP3 yadda ba za a kwafa ba yana yaudarar kansa. Amma wakili zai zauna a tsarin idan a nan ne yake samun sabuwar waƙa kwana biyu kafin kowa, da inganci, da kariya daga kame. Ko kashi ɗaya cikin goma aka kama ya fi babu da ake samu yau. Abin da ya fi kuɗin ma muhimmanci shi ne bayanan. Ranar da mawaƙi zai iya nuna cewa an tura waƙarsa sau kaza a Bichi, sau kaza a Funtuwa, sau kaza a Maraɗi cikin mako guda, ranar ce kamfanin sadarwa ko na lemo zai zauna da shi a yi ciniki da lamba a gaba, ranar ce kuma za mu samu jadawalin waƙoƙin Hausa na gaskiya.

Ga wanda zai ce shi bai damu da waƙoƙin nanaye ba, ko ma yana ganin bai dace a taimaka musu ba, ina girmama ra'ayinsa. Muhawarar da aka yi a kan "Jaruma", da wadda aka yi a kan "Warr" da "Chass" na Ado Gwanja a 2022, muhawara ce da al'umma ke da 'yancin yi. Sai dai wannan rami da kuɗin mawaƙin soyayya ke faɗawa, shi ne dai wanda kuɗin sha'irai masu yabon Manzon Allah (SAW) ke faɗawa, da na masu karanta littattafan Hausa a murya, da na masu shirya darussa. Cin gumin wani ba tare da yardarsa ba, ba ya zama halal don fayil ne ba buhun masara ba.

Abin da ke hannunka yau

Kai mai karatu, ke mai karatu, ba sai kun jira wata manhaja ba. Idan za ka kalli waƙa a YouTube, ka nemi tashar mai waƙar, ka bar ta masu kwashe-kwashe. Idan kana da Audiomack ko Boomplay, ka ajiye waƙar a cikin manhajar don ji ba data, maimakon saukewa daga shafukan da ke cika maka waya da talla. Idan za ki yi bidiyo a TikTok, ki ɗauki sautin asali daga shafin mai waƙar. Idan za ka aika wa aboki mai data, aika masa mahaɗin, ka bar fayil ɗin. Ƙananan abubuwa ne, amma da su ake tara lambobin da Aya Nakamura ta hau har ta kai dandalin Olamfik.

'Yan uwana masu koyon rubuta manhaja a Kano, Zariya da Katsina kuma, kafin mu sake gina wata manhajar sayar da data da VTU ta ɗari da ɗaya, mu je rumfar mai tura waƙa ta unguwarmu mu zauna da shi wuni guda. Mu tambaye shi waƙa nawa yake turawa a rana, wacce aka fi nema, nawa yake samu, me zai sa ya yarda ya shiga tsari. Shi ne ke riƙe da alƙaluman da babu wani kamfani a duniya da ke da su, kuma har yau babu wanda ya je ya tambaye shi.